Kafin Hausa: Inda Ruwan da Muka Zubar Yake Jiran Mu

Gwaggo ce ta kira ni, kuma ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da ba ɗabi'arta ba ce. "Ɗan nan, ka zo ka gani da idonka. Ɗinkin yarinyar nan ya ƙi kamewa, yau kwana goma sha tara ke nan." Yarinyar da take nufi 'yar ƙanena ce, wadda aka yi wa fiɗa aka ciro mata ɗanta na fari a ƙarshen damina. Jaririn lafiyarsa ƙalau, har an yi suna an watse. Uwar ce ta kasa miƙewa. Zazzaɓi yakan rufe ta da dare, ruwa yana tsattsafowa daga bakin ɗinkin, an sauya mata magani har sau uku, amma kamar ana shuka dusa.

Washegari na shiga motar da ke bi ta Gaya da Jahun. Duk wanda ya saba da hanyar nan ya san a gadar Wudil ake fara gaisawa da kogi. Ruwan da ke ƙarƙashin gadar ruwa biyu ne da suka gamu: Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga a 1974, da Kogin Chalawa, wanda aka yi wa tasa madatsar a 1992, wanda kuma yake ratsawa ta gefen masana'antu da majemun Kano kafin su haɗu. Daga nan yake amsa sunan Kogin Haɗejiya, ya bi ta ƙasar Ringim da Miga da Auyo. Na leƙa ta tagar mota na ga masu haƙar yashi da masu wanki, da yara suna ta tsalle cikin ruwa mai launin kunun kanwa. A lokacin hankalina yana kan mai jinya, ban kawo komai a raina game da kogin ba.

Bayan an wuce Jahun ƙasa takan kwanta sosai, sai jigayin yashi nan da can, da fadamu a tsakaninsu. Ruwa a wannan yanki rarrafe yake yi. Saboda rashin gangara kogin yakan rarrabu, wani reshe ya ɓalle ya zama Kogin Kafin Hausa, sauran kuma su bazu bayan Haɗejiya cikin dausayin da ya miƙa har Nguru. Abin da ya tsira daga rana da yashi da ciyawar kacalla shi ne yake haɗuwa da Kogin Jama'are a wajajen Gashuwa, ya zama Kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. Mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne gindin maganata: kogin nan ba ya zuba a teku. Mutumin Legas ko na Fatakwal yana da inda zai tura ƙazantarsa ta yi nisa da shi, ko da hakan ma ba gwaninta ba ce. Mu kuwa abin da muka zuba a ruwa yana nan tare da mu, a kududdufi, a fadama, ko a ƙarƙashin ƙasar da muke haƙa rijiya.

Na isa gida bayan la'asar. Bayan gaisuwa da ya-mai-jiki, Gwaggo ta jawo wata baƙar leda daga ƙarƙashin katifa ta zazzage mini a kan tabarma. Akwai kafso ja-da-yalo, akwai amfikulos, akwai filajil da sifro, kowane kati an ɓalli uku ko huɗu an bar sauran. Wasu daga asibiti aka rubuto su, wasu mai kemis ne ya haɗa, wasu kuma maƙwabciya ce ta kawo saura daga nata ciwon. Ban ga laifin tsohuwar nan ba ko kaɗan. Iya kuɗin da ke hannu ake sayen magani, na ɗari biyu yau, na ɗari uku jibi, idan zazzaɓi ya lafa a dakata a sayi hatsi. Kowane gida a ƙasar nan yana da irin wannan ledar, har da nawa.

Wani likita da muka yi makaranta tare ya ce mini ta waya kada a ƙara ba ta komai da ka. A ɗebi ruwan ciwon a kai ɗakin gwaje-gwaje, a raini ƙwayar cutar, a gwada ta da magunguna ɗaya bayan ɗaya. Sai da aka fita da samfurin zuwa wani babban gari, aka jira kwana uku. Takardar da ta dawo tana ɗauke da sunan ƙwayar, E. coli, da jerin magunguna goma sha biyu. A gaban goma daga cikinsu an rubuta harafin R, alamar cewa ƙwayar ta bijire musu. Duk abin da ke cikin ledar Gwaggo na dangin masu kashe irinta yana cikin goman nan, har da allurar seftirayazon da muke ɗauka ita ce ƙarshen magani. Biyun da suka rage allurai ne, kuma kuɗin wadda likita ya zaɓa ya lashe buhunan shinkafar da ƙanena ya ware don cefanen rani. Matashin da ya miƙo mini takardar ya ga yadda fuskata ta sauya, sai ya ce, "Baba, ka gode wa Allah da biyu suka rage. Irin wannan takardar ta daina ba mu mamaki."

Hanya mafi sauƙi da na samu ta yi wa Gwaggo bayani ita ce ta 'yan tauri. Cikin hanjin kowane mutum akwai ƙwayoyin bakteriya da ba su ƙidayuwa, galibinsu masu amfani ne ko marasa cutarwa, kuma E. coli tana cikin mazauna wurin na asali. Duk lokacin da aka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, yakan kashe masu rauni ya bar waɗanda suka ci tauri. Su kuma da fili ya zama nasu sai su hayayyafa, domin idan yanayi ya yi mata daɗi ƙwaya ɗaya tana iya rabuwa biyu cikin kamar minti 20. Shan magani rabi da rabi, da shan sa a ciwon da ba nasa ba kamar mura, duk horo ne ake ba su. Abin da ya fi ban tsoro shi ne laƙanin taurin ba a gado kaɗai yake tafiya ba. Yana rubuce a kan wasu 'yan zobban sinadarin gado da masana ke kira filasmid, kuma ƙwaya tana iya miƙa wa wata ƙwayar da ba danginta ba, kamar yadda ɗan tauri zai ba baƙo laya a kasuwa. Gwaggo ta yi shiru, can ta ce, "To, ita kuma yarinyar nan a ina ta gamu da su?"

Tambayar nan ce ta fitar da ni daga gida da sassafe. Hanya biyu ce: ko dai a gadon asibiti ƙwayar ta shiga ciwon, ko kuma ta daɗe a cikin hanjinta tana zaune lafiya, sai da aka tsaga fata ta samu ƙofa. Ko wacce ce daga ciki, sai ta bi ta hannu ko ta ruwa kafin ta iso. Don haka na tsaya a bayan katangar gidanmu, inda rariya ke fitar da ruwan wanka da na wanke-wanke da na wankin tsumman jariri, na bi shi da ƙafa. Ya shiga kwatar lungu ya haɗu da na gidaje bakwai ko takwas, ya yi baƙi, ya ratsa ƙarƙashin wani lambatu da leda ta toshe rabinsa, ya ƙare a kududdufin bayan unguwa. Tafiyar duka ba ta kai minti goma ba. A bakin kududdufin na tarar da agwagi, da wani yaro yana shayar da shanun huɗa, da masu buga bulo suna ɗiba da jarka, da wasu 'yan samari uku suna jefa ƙugiya.

Ba dukkan maganin da mutum ya haɗiya ne jiki yake narkarwa ba. Kaso mai yawa na wasu magungunan yakan fita ta fitsari da bayan gida da sauran ƙarfinsa, tare da ƙwayoyin da suka tsira daga gare shi. Haka abin yake ga dabbobi. A kasuwannin shanu na ƙasar Haɗejiya ana sayar da allurar oksitetarasaikilin kamar yadda ake sayar da kanwa, masu kiwon kajin gidan gona kuma suna zuba irin waɗannan magunguna a ruwan sha tun kajin suna 'yan tsaki. Kashin shanun da na kajin taki ne mai daraja, gona yake zuwa, ruwan sama ya wanko shi. A kududdufi duka suke taruwa: ƙwayoyin hanjin mutum, da na dabba, da na laka, cikin ruwa mai ɗumi da ba ya motsi, ga kuma ɗan ragowar magani wanda bai kai ya kashe su ba amma ya isa ya fifita masu tauri. Idan da gangan mutum yake son ya buɗe musu kasuwar musayar laƙani, ba zai tsara abin da ya fi wannan ba.

Ruwan asibiti kuwa ya fi na gida nauyi, domin can ne ake amfani da magunguna mafi ƙarfi a kan mutane mafi rauni, can ne kuma ƙwayoyin da suka gagari kemis suke taruwa. Na zagaya bayan wani ƙaramin wurin shan magani a wani ƙauye da ke kan hanyarmu, na ga inda bututunsa yake ƙarewa: sokawe ne wanda murfinsa ya tsage, ciyawa ta yi kore shar a kewayensa alhali ko'ina ya fara bushewa. Taku kaɗan daga wurin akwai famfon tuƙa-tuƙa, 'yan mata sun yi layi da bokitai. Ma'aikacin da ke wurin mutumin kirki ne, shi kaɗai yake karɓar haihuwa da ɗaurin ciwo da allurar rigakafi. Ba shi ya zana ginin ba, kuma ba a taɓa ba shi ko sisi don gyaran ramin ba. Idan ana gina asibiti a ƙasar nan, ana maganar gadaje da janareto da fenti, da wuya ka ji wanda ya tambayi inda ruwan zai tafi.

Dole a yaba wa Jigawa a kan abu ɗaya. A watan Oktoban 2022 aka ayyana ta a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da yin bayan gida a fili, kuma wanda ya san yadda bayan gari yake shekaru ashirin da suka wuce ya san an yi aiki. Sai dai a daminar wannan shekarar ce ambaliya ta mamaye ƙasar Haɗejiya da Ringim da wasu sassan jihar, ta ci gonaki da gidaje da rayuka. Masai rami ne kawai. A kan tudu yana riƙe abin da aka ba shi, amma a fadama, inda ruwan ƙasa yake kusa, idan kogi ya cika ya shigo gari, masai da rijiya da tsakar gida duk ruwa ɗaya ne yake rufe su. Mun ga abin da gurɓataccen ruwa ya yi a 2021, lokacin da amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya ya kashe fiye da 3,000, Jigawa kuma tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Kwalara tana zuwa da ƙara, kowa ya gan ta. Ƙwaya mai tauri kuwa shiru take shiga hanji ta zauna wata da watanni, ba zazzaɓi ba gudawa, sai ranar da aka yi wa mutum fiɗa, ko ta hau mafitsara, ko ta shiga jinin jariri.

Ranar da na je Haɗejiya sayo allurar, na ɗan tsaya a bakin kogi. Garin Sarki Muhammadu Mai Shahada, wanda ya faɗi a hannun Turawa a 1906, yau garin shinkafa ne da alkama da tattasai da bandar kifi. Tun daga madatsar da ke kusa da Auyo ake rarraba ruwa zuwa gonakin noman rani, inda babu magudanar gwamnati kuma ƙaramin injin ban ruwa yana jan duk ruwan da ya samu. Na kalli manyan motoci ana yi musu lodi, na tuna gadar Wudil. Ruwan ya gangaro mana daga Kano da abin da ya kwaso a hanya, mun ƙara masa namu, ga shi kuma amfanin da ya shayar zai koma Kano da Kudu a cikin kwanduna. Ba ina cewa a guji kayan Haɗejiya ba ne, ni ma da ƙullin kifi na koma gida. Wuta tana kashe ƙwaya mai tauri kamar yadda take kashe marar tauri, tafasasshen ruwa da sabulu ma haka. Inda hatsarin yake shi ne latas da kabeji da tumatirin da ake yankawa ɗanye a kan shinkafa da wake, da ruwan da aka yayyafa musu don kada su yi yaushi, da hannun da ya taɓa laka ya taɓa baki.

Wasu ƙasashe sun riga mu ganin inda hanyar nan take kaiwa. A 2011 aka wallafa binciken da aka yi a birnin New Delhi na Indiya, inda aka nemi wani laƙanin tauri mai suna NDM-1, wanda ke karya hatta magungunan da likitoci ke ajiyewa don ranar da komai ya gaza. An same shi a 51 daga cikin samfur 171 na ruwan da ke kwance a tituna, da kuma 2 daga cikin 50 na ruwan famfo. A watan Nuwamban 2016 kuma, a garin Haidarabad na lardin Sindh a Pakistan, wani nau'in zazzaɓin taifot ya ɓulla wanda ya bijire wa rukuni biyar na magunguna, har da seftirayazon. Ruwan sha da ya cuɗanya da na masai ne ya yaɗa shi, ya kama dubban mutane, galibinsu yara. Da masana suka bincika, sai suka ga alamun cewa ƙwayar taifot ɗin aro ta yi: daga wata ƙwayar hanji irin E. coli ta karɓi zoben da ya ba ta wannan ƙarfi. Duk wanda ya san yadda kusan kowane zazzaɓi a garuruwanmu ake kiransa maleriya da taifot, a kan gwajin Widal da likitoci da kansu suka san ba abin dogaro ba ne, a kuma bi shi da sifro ko allura, ya san labarin Sindh bai yi mana nisa ba.

Mujallar likitoci ta Lancet ta fitar da ƙiyasi a farkon 2022 cewa a shekarar 2019 kaɗai, bijirewar ƙwayoyin bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai-tsaye a duniya, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne ya fi ko'ina asara. Kason Nijeriya a wannan lissafi ya kai kimanin mutum 64,500. Gwamnatin Tarayya ta fitar da tsarin yaƙi da matsalar a 2017, ta sabunta shi a 2024. Takardu ne masu kyau, amma nauyinsu ya fi karkata ga alƙalamin likita da kantar mai sayar da magani. Kwata da sokawe da kududdufi suna hannun ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli da ta ruwa, kowacce tana ganin aikin ɗaya ce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mun iya wannan aikin. Tun 2011 ma'aikatan lafiya suke ɗibar ruwan manyan kwatocin Kano suna neman ƙwayar shan inna a ciki, domin kwata takan tona asirin cutar da ke yawo a unguwa tun kafin a ga yaro ya shanye. Wannan dabara tana cikin abin da ya kai mu ga ranar 25 ga Agustan 2020, da aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Kwalbar da ta ɗebo ruwa don shan inna za ta iya ɗebowa don wannan. Ga kuma Jami'ar Sule Lamido, wadda aka kafa a 2013, zaune a Kafin Hausa, a tsakiyar fadamar, da ɗalibai masu karatun kimiyyar halittu da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kansa kowace shekara. A ba su kayan aiki da ɗan kuɗin mota, su riƙa ɗiba a wurare ƙayyadaddu, a bayan asibitoci, a manyan kududdufai, a kogi kafin ya shiga Haɗejiya da bayan ya fita, da rani da damina, a kuma riƙa miƙa sakamakon ga likitocin yankin. Likitan da ya san irin taurin da ke yawo a garinsa ba zai ɓata wa mai jego kwana goma sha tara yana laluben magani ba. Sauran kuwa aikin siminti ne da bin doka: a ɗaga bakin rijiya da na masai sama da inda ambaliya ke kaiwa, a nisanta tuƙa-tuƙa da sokawe, kada a buɗe sabon asibiti sai an nuna inda ruwansa zai kwana da yadda za a tace shi. Masu kemis kuma, waɗanda su ne likitocin farko na yawancin talakawa, a jawo su cikin maganar a koya musu, domin tsawa daga Dutse ba za ta hana su sayar da kafso biyu ga wanda kuɗin biyu gare shi ba.

A kwana na huɗu da fara allurar zazzaɓin ya sauka. A na bakwai na shigo na tarar da ita zaune a bakin gado tana shayar da ɗanta, har tana yi mini tsiyar cewa na rame fiye da ita. Da na zo sallama, Gwaggo ta biyo ni zaure da baƙar ledar nan a hannu. "Ɗan nan, tunda ka ce kada a sha, kada a ba wani, kada kuma a zuba a masai ko a kwata, to ina zan kai su?" Na tsaya ina tunanin wurin da ake karɓar ragowar magani a garin, ko a Haɗejiya, ko a unguwarmu a Kano, ban tuna ko ɗaya da na taɓa gani ba. Na karɓa na cusa a jakata tare da ƙullin kifin. Da ita na sake hawa gadar Wudil da yamma, kuma har yau tana saman kwabar ɗakina.